Fitilu a Saman Gidan Katako

Ina tsakiyar yi wa wani mutum gyaran fuska aka zo aka ce in ajiye aska in zo, an tsare Yayana a gidan katako. Ko hannu ban tsaya wankewa ba. Na bar bawan Allah da kumfa a rabin haɓa, har yau in mun haɗu sai ya yi mini gorin abin.

Gidan katakon yana can ƙarshen unguwa, inda gidaje suka ƙare fili ya fara. Na Hajiya ne, ta gada daga mijinta, kuma Yayana ne maigadin wurin tun mijin yana raye. Da na isa na tarar da tsakar wurin cike da mutane, har da waɗanda ko ƙusa ba su taɓa saya a nan ba. An buɗe siton baya da safe za a ɗauko sababbin injunan goge katako da Hajiya ta sayo, sai aka ga kwalayensu a jere, kowanne a rufe tsaf, ciki kuwa wayam. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau. Makullin sito kuma mutum biyu ne ke riƙe da shi, Hajiya da Yayana.

Yaya yana zaune a kan bencinsa, tocila a cinya, ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, wanda ko allura ya tsinta sai ya yi cigiyarta, shi ake nunawa da baki. Wallahi raina ya ɓaci, har na fara nannaɗe hannun riga ban san wa zan kama ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne maganar fitilu. A 'yan kwanakin nan unguwa ba ta da wani zance sai na wasu fararen fitilu da ke gilmawa a sama da dare, da gudun tsiya, su bayyana su ɓace kafin ka taɓa na kusa da kai ka ce duba. A shagona na ji bayani iri-iri har kunnena ya gaji. Wannan ya ce aljanu ne ke ƙaura, wancan ya ce jiragen leƙen asiri ne, wani tsoho ya rantse alamar tashin duniya ce, ya kuma ce in rage masa saje. Yanzu da aka wayi gari da sata sai kowa ya haɗa biyun. Wai ɓarayi ne ke aiko fitilun su duba hanya, maigadi kuma ya buɗe musu.

Hajiya mace ce mai sanyin magana amma ba ta maimaitawa. Ta ce ba ta son ta kira 'yan sanda a kan mutumin da ya ɗauki gawar mijinta, sai dai kaya kayanta ne. Ta ba ni zuwa dare. In babu wani bayani, gobe da safe za a zo a tafi da shi.

*

Ban yi shawara da kowa ba, na hau babur na nufi gidan Baba Mai Sawu.

Shi wannan tsohon ya yi rayuwarsa yana bin sawun dabbobin da aka sace, daga baya mutane suka riƙa kiransa har a kan satar cikin gari. Ni ke yi masa aski, kuma da zarar aska ta taɓa kansa yake yin barci, don haka ban taɓa jin labarinsa daga bakinsa ba. Na same shi yana ba kajinsa ruwa. Na zazzage masa komai a tsaye, ina haki. Sai da ya gama da kajin, sannan ya ɗauko wata siririyar sanda, ya ce in tuƙa a hankali gwiwarsa ba ta son rami.

Da muka shiga gidan katako ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙasa, ya buga tsaki. Garin katako, in ji shi, ya fi yashi riƙe sawu, amma jama'ar unguwa sun yi masa rawa a kai. Ya roƙi kowa ya fita. Suka fita suna ƙunƙuni, suka jeru a kan katanga.

Bai nufi sito ba. Sai ya bi gefen bango, inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, yana tafiya kamar mai neman kwabon da ya faɗi. A nan akwai sawu guda ɗaya, na takalmin Yaya, ya manne da bango daga benci har kusurwa, ya dawo, ya sake zuwa, taku gajeru. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaga kai ya dubi bangon, inda wani layi na dauɗar hannu ya bi shi daidai kafaɗa tun daga farko har ƙarshe. Na ce masa ai wannan zagayen gadi ne, me ya gani a ciki. Ya ce in bar shi ya yi abin da na ɗauko shi ya yi.

*

Wanda unguwa ta fi zargi bayan Yaya shi ne Mai Hoto, don yana da ɗan ƙaramin jirgin nan da ake tayarwa a ɗauki hoto daga sama. Muka same shi a shagonsa ya kulle kansa ciki, sai da ya ji muryata ya buɗe. Tun kafin a tambaye shi ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Jirgin na ciki, fiffike ɗaya a karye, ƙura ta rufe shi. Ya ce tun da ya faɗa kan rufin wani gida bai ƙara tashi ba, kuma ko da yana tashi fitilarsa ja ce da kore, ƙararsa kuwa sai ta tashi jariri daga barci. Baba ya shafa ƙurar da yatsa, ya yi masa godiya, muka fito. Na so a ce shi ne, Allah ya yafe mini, don ya taɓa ɗaukata hoto ya fito da ni kamar mai ciwon haƙori.

Daga nan sai gidan Malam, mai koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Gidansa bene ne, kuma shi kaɗai ya yi dabarar ɗaukar fitilun da waya. Ya zaunar da mu ya nuna mana. Ba wani abin kirki ake gani ba, duhu ne da wasu fararen ɗigo-ɗigo suna wucewa, da muryar matarsa tana salati.

Malam ya ce shi ma abin ya hana shi sukuni. Da farko ya ɗauka tauraron ɗan Adam ne, amma shi wannan miƙewa yake yi sak, a natse, ba ya karkata. Faɗuwar tauraro kuma ƙiftawar ido ce, ba ta zuwa a garke. Jirgin sama yana da fitila mai ƙyaftawa. Waɗannan kuwa suna tasowa a dunƙule, su warwatse, wasu ma su yi kwana. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ba sa dusashewa a hankali. A wuri ɗaya suke kamawa, a wuri ɗaya suke mutuwa, kamar an ja musu layi.

Baba ya tambaye shi ina ne wurin. Malam ya kai mu taga ya miƙa hannu. Daidai saman gidan katako yake nunawa, kuma ya ce kullum daga bayan wurin suke tasowa su yo cikin unguwa.

"Malam, a ganinka suna da nisa?"

"Baba, da dare ido ba ya sanin nisa. Abu ƙarami a kusa da abu babba a nesa duk ɗaya suke. In kusa suke, to ba wani gudu suke yi ba, mu ne muka ɗauka haka."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce wannan magana ta biya hawan benen.

*

Muka koma wurin Yaya. Ma'aikata sun zagaye shi a nesa-nesa: masu yanka, mai gyaran lantarki, da Direba, wani gajeren mutum mai fara'a da ke jan a-kori-kurar Hajiya yana kai wa masu saye katako. Shi Direba har ruwa ya kawo wa Yaya, yana cewa a yi haƙuri, gaskiya za ta fito.

Baba ya zauna a gefen bencin ya tambayi Yaya ko ya ga fitilun. Yaya ya ce ya gani mana, kowa ma ya gani. Aka ce daga ina suke tasowa. Ya yi jim, sannan ya nuna wajen titi, wato gaban wurin. Masu yanka suka kalli juna. Duk unguwa ta san daga baya suke zuwa, kuma shi ya fi kowa kusa da su. Wani ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, mai hannu a abu ba ya iya ba da labarinsa daidai.

Yaya ya ƙara da cewa suna da ƙara, kamar mata da yawa suna kaɗe zannuwa lokaci guda. Nan fa aka kwashe da dariya, don kowa ya shaida fitilun shiru suke wucewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa kusa da shi na ce, cikin fushi, Yaya don Allah in ba ka gani ba ka ce barci ka yi, barci ba sata ba ne. Ya ce bai taɓa barci a bakin aiki ba, kuma ba zai fara ƙarya da furfura ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya sake tambayarsa yadda ƙarar take, ya saurara da kyau, ya miƙe ya ce in zo mu zagaya baya.

*

Bayan wurin wata 'yar hanya ce da ba kowa ke bi ba, ta gangaro daga tudu ta wuce ta gindin wata ƙatuwar tsamiya, ta sauka can wajen rafi. Shingen langa-langa ne a nan, gajere, kuma shi ne bangon bayan sito. Tun kafin mu kai bishiyar wari ya tare mu. Ƙasan ta yi fari fat da kashin tsuntsaye, ga gashi ko'ina. Baba ya ce makwancin balbelu ne, da rana suna wajen shanu, da magariba su dawo su cika rassan nan.

Ya nuna mini da sandarsa. A tsakiyar farin nan an share wani wuri da reshe, an share shi da kyau, sai dai mai sharar ya yi ƙwazo fiye da kima, don babu inda ya kai nan tsabta a duk hanyar. A gefen sharar, inda ganye ya rufe, ga ɗan guntun sawun taya. A sama kuma wani reshe da ya sunkuyo kan hanya ya ɓalle, ɗanyen karaya. Sannan ya bi langa-langan shingen yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan wanda ya amsa da wata murya daban. Ƙusoshinsa sun sha cirewa da mayarwa, ramukansu sun yi faɗi, da yatsa ma za ka zare su.

Na ce alhamdu lillahi, ga hanyar ɓarawo, ba ta ƙofa ya shiga ba, a je a gaya wa Hajiya. Baba ya ce in sassauta. Ya ce balbela ba ta tashi da dare sai an tashe ta, kuma abin da Yaya ya ji fuka-fukai ne. Mota ce ake gangarowa da ita a kashe, ta tsaya a nan, samanta ya taɓa reshe, tsuntsaye su watse. Abin da ya rage masa shi ne ya san me ke sa farin tsuntsu ya yi haske a cikin duhu.

Ya juya ya ɗaga kai. A cikin gidan katakon akwai doguwar sanda ta ƙarfe mai ɗauke da babbar fitila, wadda aka kafa don ta haska sito da bayan shinge. Ni na sha ganinta, ban taɓa dubanta ba. Fuskarta tana kallon sama.

*

Nan take zargi ya koma kan mai gyaran lantarki, har da ni a masu zargin. Shi ke hawa sandar nan, shi ya san kanta. Mutumin ya fusata, ya ce a kawo tsani a duba, in aikinsa ne zai gane, in ba nasa ba ne ma zai gane.

Aka jingina tsani. Baba ya ce shi zai hau. Na ce da wannan gwiwar? Ya miƙo mini sandarsa ya ce in riƙe tsanin in rufe bakina. Ya hau a hankali, yana hutawa a kowane mataki, ni kuma ina ƙasa ina tunanin abin da zan gaya wa iyalinsa.

Daga sama ya kira mai gyaran lantarki ya tambaye shi yadda yake juya fitila in zai juya ta. Mutumin ya ce sai ya sassauta noti da sufana, ya saita, ya ɗaure. Baba ya ce to notin nan tsatsa ta cinye shi, ba a taɓa shi ba tun da aka ɗaura. Ƙarfen da ke riƙe da fitilar ne ya lanƙwashe, ga kuma lotsawa a ƙasanta da ɓurɓushin katako a ciki. Daga ƙasa aka sa dogon katako aka tunkuɗa ta sama da ƙarfi. Mai gyaran lantarki ya ce shi ko a mafarki ba zai yi wa fitila wannan wulaƙancin ba.

Na ɗauka zai sauko, sai ya tsaya a can yana kallon tsakar wurin. Ya dubi tarin katako, ya dubi rumfar injuna, ya dubi wajen famfo inda aka ajiye a-kori-kura, an wanke ta tana ƙyalli. Ya daɗe a haka. Da ya sauko sai ya ce Hajiya ta tara kowa bayan sallar magariba, kuma kada a fitar da komai daga wurin, ko mutum ko mota.

Sannan ya ce in je in ƙarasa askin da na bari. Na gane korata yake yi. Daga bakin ƙofa na waiwaya na gan shi zaune kusa da Yaya, kansu a haɗe. Abin da na jiyo kawai shi ne Baba yana cewa, "Wannan maganar taka ce. Ni ba zan faɗe ta ba."

*

Da duhu ya fara shiga aka taru. Hajiya a kan kujera, ma'aikata a tsaye, Mai Hoto da Malam a gefe, sauran unguwa a kan katanga. Aka kunna babbar fitila. Sai a lokacin kowa ya lura cewa wajen sito da bayan shinge duhu ne ƙirin, hasken duk ya tafi sama inda babu mai buƙatarsa.

Baba ya ba Malam guntayen katako biyu ya ce ya zagaya gindin tsamiya ya buga su. Muka kasa kunne. Can muka ji ƙwas, sai ƙarar nan ta kaɗe zannuwa, sai ga su. Fararen fitilu a dunƙule suka taso daga baya, suka shiga hasken, suka warwatse a kanmu da gudu, suka mutu a ɗaya gefen. Na san balbelu ne, an gaya mini da rana, amma duk da haka sai da tsigar jikina ta tashi. A kan katanga wata mata ta fashe da dariya, kowa ya bi ta. Tsohon nan mai tashin duniya ya ce shi dama ya faɗa.

Baba ya jira dariyar ta lafa. Ya yi bayani a taƙaice: ɓarawo ya ji tsoron kashe fitilar don kada a lura, sai ya tunkuɗa ta sama, bai san ya kunna wa unguwa kallo ba. Duk daren da aka ga fitilu, a daren aka ɗauki inji guda. Kuma tsuntsun da aka firgita daga barci yakan saki abin da ke cikinsa kafin ya tashi.

Ya sa aka kai tsani jikin a-kori-kura, ya roƙi Hajiya ta sa wanda ta yarda da shi ya hau da tocila. Mai gyaran lantarki ya hau da saurinsa. Ya haska rufin motar ya yi salati. Jikinta an wanke shi har taya, amma saman ya yi fari da kashin balbela, sabo a kan tsoho, ga gashi ya manne, ga ɗanyen ganyen tsamiya a maƙale a ƙarfen ɗaure kaya. Direba yakan wanke motarsa kullum da safe, iya inda idonsa da hannunsa suke kaiwa. Kuma babu wani aikin Hajiya da ke bi da mota ta gindin bishiyar nan.

Aka juya ga Direba. Ya fara cewa wataƙila a wani wuri ne, ya kasa faɗin wurin. Ya ce wataƙila wani ya ɗauki motar, aka tuna masa a ƙofar gidansa take kwana. Daga ƙarshe ya ce injunan suna gidan wani abokinsa, ba a sayar ba tukuna. Na saki ajiyar zuciya, na ɗauka an gama.

Sai ya ɗago kai ya ce ba shi kaɗai ba ne.

"Ku tambayi maigadi. Fitilar nan ta kwana nawa tana kallon sama? Mutum yana zaune a nan kowane dare, rabin wurin ya koma duhu, ya ce bai lura ba? Tare muka yi."

Na yi kansa, masu yanka suka riƙe ni. Amma ko a cikin fushin na ji maganar ta zauna a zukatan mutane, don tambaya ce mai kama hankali. Hajiya ta juya ta dubi Yaya. Na dubi Baba ina jira ya wanke shi, shi kuwa ya kafa ido a ƙasa yana zane da sandarsa.

Yaya ya miƙe. Ya dafa bango.

"Hajiya, ban lura ba don ba na gani. Idona ya daɗe da tafiya. Da rana ina ganin mutum dishi-dishi, in ya yi magana in gane shi. Da dare kuwa sai dai in ga alamar haske a sama in san an kunna fitila. Bango nake bi in yi zagaye. Da na ji tsuntsaye na je har kusurwa na yi gyaran murya, ban ji kowa ba, na dawo. Fitilun da ake faɗa ban taɓa ganinsu ba, na ce na gani ne don kada a gane. Na ɓoye miki saboda ina da iyali, kuma ban iya wani aiki ba. Wannan laifina ne, ki hukunta ni a kansa. Amma ban taɓa ɗaukar miki ko ƙusa ba."

Baba ya ce sawun da ke gefen bango da dauɗar hannun da ke jikinsa suna nan ga mai son dubawa, ba na jiya ba ne ba na shekaranjiya ba, kuma babu sawun maigadi ko ɗaya a bayan shinge.

Yaya ya laluba aljihu ya ciro makullin sito, ya haɗa da tocilar, ya miƙa su wajen da ya ji muryar Hajiya. Ya ɗan kauce mata, sai da ta matso ta karɓa. Ta ce ta ji, kuma ko gaban wa za ta faɗa cewa shi ba ɓarawo ba ne. Ba ta ce ya ci gaba da gadi ba, shi ma bai roƙa ba. Mai gyaran lantarki ya ce zai kwana a wurin kafin a samu wani.

*

Mutane suka watse suna ta maganar balbelu. Malam ya ce zai kai Baba gida a motarsa, saboda gwiwar ta kumbura. Na je in yi wa tsohon godiya, ya ce in ajiye ta, in je in kama ɗan'uwana.

Na same shi a bakin ƙofa a tsaye. Shekara da shekaru yana zuwa aiki kafin rana ta faɗi, ya koma bayan ta fito, yau ne karon farko da zai bi hanyar gida cikin duhu. Ni da nake riƙe kansa a hannuna duk mako ina yi masa aski, ban taɓa lura ba. Na ce ya hau babur, ya ce a'a, a bar shi nan, yana so ya taka.

Ya ɗora hannu a kafaɗata muka kama hanya. Ina gaya masa ga kwata, ga dutse, yana cewa to. Na ce gobe za mu je asibitin ido, ya ce Allah ya kai mu. Na ce shagona yana buƙatar mai zama a bakin ƙofa yana hana yara wasa da almakashi, ya ce in raina wa wani hankali.

Mun kusa kwanar gidansa ya rage tafiya.

"Ƙanina, wai fitilun nan, da gaske suna da kyau?"

Na ce suna da kyau, Yaya.

"To ba ni labarinsu. Amma a hankali, kada ka cika ƙari irin naku na masu aski."

Muka wuce ƙofar gidan ba mu shiga ba. Na fara masa tun daga inda suke tasowa.